Tsanin Tawada na Baffa Akawu

Shekara talatin da huɗu Baffa Akawu ya yi yana dukan tafireta a wani ofishi mai taga biyu, ɗaya ba ta buɗuwa, ɗaya ba ta rufuwa. Shugabanni bakwai suka zo suka tafi, shi yana nan kan kujerarsa mai guntuwar ƙafa, wadda ya tokare da murfin kwalba. A duk tsawon shekarun nan bai taɓa miƙa takarda da gyaran biro a jikinta ba. Harafi ɗaya ya kauce, sai ya zare takardar ya sake daga farko, ko da shugaban ofis na tsaye a kansa yana duba agogo. Lokacin da ya yi ritaya tafiretar ta riga ta zama wurin ɗora kofin shayi. Ya roƙa aka bar masa, ya rungumo ta har gida kamar wanda aka ba jariri.

Bayan rasuwar matarsa Inna, zama ya yi masa yawa. 'Yarsa, wadda kowa ke kira Yaya Nas saboda aikin asibiti take yi, ta ga tsoho ya fara hira da bango, sai ta kawo masa tsohuwar kwamfuta da wata 'yar firinta mai tawada. Da farko ya ce shi ba ya hulɗa da injin da ba ya ƙara kararrawa a ƙarshen layi. Kafin wata guda kuma ya kama ta, yana dukan madannan da yatsu goma kamar sun zage shi. Maƙwabta na kawo wasiƙa ya buga musu, in babu kowa ya zauna yana rubuta wa jikoki maganganun Inna, har da faɗan da take masa a kan ajiye takalmi a bakin ƙofa.

Firintar nan kuwa ya san halinta fiye da na 'ya'yansa. A cikinta akwai wani ɗan abu da ke kai da komo a kan sanda yana fesa tawada, shi ake ce wa kai. A ƙasan kan akwai 'yan ƙofofi da suka fi silin gashi siranta. In aka bar su ba aiki, tawada ta bushe a ciki, shi ke nan sun toshe. Saboda haka duk bayan kwana biyu, da safe bayan shayi, Baffa sai ya buga takardar gwaji. Takarda ce mai zanen tsani huɗu: baƙi, shuɗi, ja da rawaya. Kowace matakala a tsanin tana nuna ƙofa ɗaya na aiki. Ya ƙirga su da bakin biro, ya rubuta kwanan wata a kusurwa, ya saka a koren fayil. Kuma ba a zare wa firintarsa waya daga bango. Maɓalli ake dannawa, a jira kan ya koma lungunsa ya zauna bisa robar da ke rufe masa baki, sannan a lulluɓe ta da tsohon mayafin Inna.

A ɗakin bakin ƙofar gidan akwai ɗan ƙanen Baffa, ƙato mai shekara ashirin da bakwai. Ya taɓa makaranta ya bari, ya taɓa aski ya bari, ya taɓa gyaran waya ya bari bayan ya mayar da wayar wani mutum ba ta jin magana sai an jijjiga ta. Duk abin da aka sa shi amsarsa ɗaya ce, har ta zama sunansa: Yanzu-yanzu. Baki gare shi kamar rediyo, shi ya sa Baffa ke jure shi, don tun da Inna ta tafi shi kaɗai ke iya sa tsohon dariya har hularsa ta karkace.

Sai yanar ido ta rufe wa Baffa idanu, duka biyu. Shekara biyu Yaya Nas na fama da shi ya yarda a yi masa aiki, yana cewa idon da ya yi talatin da huɗu bai ɓata harafi ba, ba zai miƙa wa yaro mai wuƙa ba. Da ya kai ga yana ƙirga matakalar tsani da hancinsa a jikin takarda, ya sauko. Aka shirya za a fara da na dama, ya yi sati uku a gidan Yaya, in ya yi kyau a yi na hagu.

Ranar tafiya ya kira Yanzu-yanzu ɗakinsa.

"Zo nan, Shugaban Marasa Aiki. Na samo maka aiki."

"Baffa, in dai ba na ɗaukar kaya ba ne, na karɓa. Bayana ba shi da lafiya tun haihuwa."

"Duk kwana biyu, takarda ɗaya. Ka rubuta kwanan wata, ka sa a fayil. In za ka kashe, maɓalli. Me na ce?"

"Maɓalli."

"Ba waya ba."

"Haba Baffa, ni da na yi gyaran waya?"

"Shi ya sa na maimaita."

Motar ba ta kai ƙarshen layi ba Yanzu-yanzu ya ce bari ya nuna ƙwazo. Ya kunna, ya danna gwaji, takarda ta fara shiga. Daidai nan wayarsa ta yi kukan mutuwa, saura kashi biyu, ga shi yana tsakiyar musu da abokai a kan ƙwallo, kuma shi ke da gaskiya a karon farko cikin shekara. Soket ɗaya ne ke aiki a ɗakin. Ya miƙa hannu ya zare wayar firinta, ya soka cajarsa. Kan ya tsaya cak a tsakiyar sanda, baki buɗe. Ya gani sarai. Ya ce yanzu-yanzu zai mayar, ya ja mayafin Inna ya rufe don kada abin ya riƙa kallonsa.

Kwana ashirin da biyu mayafin bai motsa ba.

Da Yaya ta bugo ta ce gobe da hantsi suna hanya, Yanzu-yanzu ya tuna da firintar. Ya ruga ya mayar da waya. Firinta ta yi gurnani, ta yi tari, ta turo takarda. Tsanin baƙi ya rasa matakala shida a tsakiya, shuɗi ya rasa huɗu, kamar bakin tsohon da ya sha dambe. Ya tuna akwai wurin da ake dannawa injin ya wanke kansa. Ya danna. Bai jira ba ya sake dannawa. Sau bakwai a jere, yana yi yana lallashinta, "Haba hajiya, rufa min asiri." Tawada ta yi ƙasa, giɓin kuwa yana nan inda yake, ko matakala ɗaya ba ta dawo ba.

Nan dabara ta zo masa, irin dabarar da ke zuwa wa mutum da gudu don ta san in ta tsaya za a gane ta. Ya buga takarda goma sha ɗaya a zama ɗaya. Ya bi su da biro yana rubuta kwanan wata daban-daban, har yana canza biro don abin ya yi kama da gaskiya, ya ɗiga wa ɗaya shayi. Da ya buɗe koren fayil ya ga tsofaffin takardun Baffa, tsani cikakke reras, ya gane in aka jera su da nasa an gama da shi. Ya kwashe su kaf ya tura ƙarƙashin katifarsa. A ransa ya ce ai tsoho ne, ido ɗaya, sabon ɗinki, me zai gani?

Ashe komai zai gani.

Baffa ya sauko daga mota da baƙin tabarau kamar mawaƙi. Yana cirewa a inuwa ya tsaya ya ƙare wa ɗan ƙanensa kallo.

"Ikon Allah. Ashe haka kake da muni? Shekara biyu ina zaune da kai ban sani ba."

"Baffa, gado ne. Ta wajen uba."

Ya yi dariya har hula ta karkace. Ya ga tsagar bango, ya ga yanar gizo a kan fanka, ya ga furfura uku a kan Yaya Nas, ta ce ƙarya ne biyu ne. Kafin ta koma bakin aiki ta tuna masa: ranar Alhamis za ta zo ta ɗauke shi a yi na hagu. Ta kuma maimaita gargaɗin likita, in ya ga wani layi ko inuwa da ke tsayawa wuri ɗaya ba ta gushewa, ya faɗa da wuri. Ya ce ta tafi abinta, shi yanzu har ƙwayar ƙura yana gani.

Bayan la'asar ya zauna a teburinsa ya jawo koren fayil. Yanzu-yanzu na tsaye a bakin ƙofa yana wasa da labule.

"Ina tsofaffin?"

"Na kai su ajiya, Baffa, fayil ɗin ya cika."

Baffa ya zaro takardun. Ya ɗauki ta farko, ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya fara bi da bakin biro. Biron ya tsaya. Ya ɗauki ta biyu. Ta uku. Ya koma ta farko ya duba kwanan wata. Ya jera su duka goma sha ɗaya a kan tebur, ya daɗe yana kallo.

"Kai, zo ka duba min. Tsanin baƙin nan, cikakke ne?"

Amsar gaskiya ta zo har bakin Yanzu-yanzu. Sai ya hango fuskar Baffa ta ɗazu, da dariyar, da yadda duk za ta koma faɗa. Ya sunkuya kamar mai dubawa da gaske.

"Tas yake, Baffa."

"Shuɗin fa?"

"Shi ma. Kamar a hau a gyara rufi."

Baffa bai yi dariya ba. Ya ce a bugo masa hoton Inna, wanda ke cikin kwamfuta, wanda ya yi niyyar ya zama abu na farko da zai kalla da sabon ido. Hoton ya fito da fararen layuka sun ratsa fuskarta, ɗaya ta kan ido, ɗaya ta kan baki.

"Wannan fa?"

Wanda ya riga ya ce tas sau biyu, na ukun ba ya wuya. Tas ɗin ya fito daga bakinsa da kansa.

Baffa ya kife hoton a hankali. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, irin ta mai lissafi. "Toshewar kai ba ta zama wuri ɗaya. Yau nan, jibi can, kullum tana ƙaruwa. Wannan kuwa tun takardar ranar da na tafi, ranar da injin ke lafiya lau, giɓin yana wuri ɗaya bai motsa ba. Abin da ke bin mutum daga takarda zuwa takarda bai canza ba, ba a takarda yake ba." Ya taɓa ƙasan idonsa na dama. "A nan yake. Manyan abubuwa ina gani. Siraran ne suka fara tafiya. Haka yanar ma ta fara."

A nan Yanzu-yanzu ya gane abin da ya aikata. Duk wahalar da ya sha ta canza biro da ɗiga shayi, ashe hujja yake haɗa wa tsoho a kan idonsa.

"Kada ka gaya wa yayarka," in ji Baffa. "Ita ta matsa, za ta ɗora wa kanta. Zan dai ce mata na fasa na hagun. Sun taɓa ɗaya ya lalace, ba zan ba su na biyu ba. Gara in lallaɓa da hazon da na saba."

Ya ja mayafin Inna ya rufe firintar da kansa.

Kwana uku gidan ya zama kamar ɗakin jira na asibiti. Baffa ya mayar da baƙin tabarau har cikin ɗaka. Bai taɓa littafi ba, bai kalli kwamfuta ba, wai kada ya ƙarasa abin da ya rage. Maƙwabciya ta kawo wasiƙa ya ce ta kai wani wuri, ya rufe shago. Ya buga wa Yaya ya ce ba ya zuwa Alhamis, ta yi ta tambayar dalili, ya ce ra'ayi ne. Ana jin muryarta ta cikin waya tana cewa an sha wuya kafin a samu ranar nan, in ta wuce sai bayan wata shida, shi kuwa ya ce ko shekara shida ce.

Yanzu-yanzu ya gwada sana'arsa. Ya kwaikwayi tafiyar mai gyaran famfo, ya ba da labarin mutumin da wayarsa ba ta ji sai an jijjiga. Baffa ya yi ɗan murmushi don kada ya ba shi kunya, wannan murmushin kuwa ya fi mari zafi. In ya shiga ɗakinsa ya kwanta, takardun na ƙara a ƙarƙashin katifa, ƙus-ƙus, duk juyin da ya yi. Sau biyu yana zuwa bakin ƙofar Baffa da maganar a baki. Na farko ya ce ya zo tambaya ko a ƙaro shayi. Na biyu ya ce yanzu-yanzu zai dawo.

Ranar Laraba da safe Baffa ya kira shi. Ya same shi zaune, tafireta a gefe an goge ta, firinta a lulluɓe.

"Zauna. Kayan nan kai zan bar wa."

"Wane kaya, Baffa?"

"Duka. Ni na gama da su. Na daɗe ina maka kallon shashasha, Allah ya yafe min. Sati uku ba na nan, ba ka tsallake rana ɗaya ba. Har wadda ka ɗiga wa shayi na gani, na ce yaron nan ko karyawa bai gama ba ya zo ya cika alkawari. Ubanka ma ba zai iya ba." Ya tura masa koren fayil. "Maganganun Innarku saura kaɗan. In na faɗa kai ka riƙa bugawa."

Yanzu-yanzu ya kalli fayil ɗin. Ya miƙe, ya shiga ɗakinsa, ya ɗaga katifa. Ya dawo da takardun a hannu, sun lanƙwashe, ɗaya da sawun ƙarfen gado. Ya zaro ɗaya ya ajiye gaban Baffa, ya ɗauko ɗaya daga cikin nasa ya ajiye kusa da ita. Sannan ya durƙusa.

"Baffa, cire tabarau ka duba tsohuwar nan da idon dama."

Baffa ya cire. Ya rufe idon hagu. Bakin biro ya hau tsanin baƙi, matakala bayan matakala, har sama bai tsaya ba. Ya hau shuɗi. Ya hau ja da rawaya duk da ba a nan matsalar take ba. Ya ɗauki wata tsohuwar, ya sake.

"Waya na zare," in ji Yanzu-yanzu, kansa a ƙasa. "Tun ranar da kuka tafi. Caji na sa. Duka sha ɗayan ranar Asabar na buga su. Idonka lafiya lau yake, Baffa. Ni ne ba ni da lafiya."

Yanzu-yanzu ya so a zage shi, ya so a jefe shi da fayil. Baffa sai ya juyo da hoton Inna da ke kife, ya kalli layukan da suka ratsa fuskarta.

"Injin ai ƙarfe ne da roba," ya ce. "Da ka ce min ka kashe shi, da na yi faɗan kwana ɗaya na huce. Amma na tambaye ka sau uku. Kwana uku ina zaune ina wa idona ta'aziyya, kana kawo min shayi."

"Na sani, Baffa."

"Ba ka sani ba. Sai ka tsufa."

Ya goge idon da gefen hankici, a hankali, yadda likita ya koya masa. Sannan ya yaye mayafin.

"Tashi. Je kemis ka ce a ba ka tataccen ruwa. Ka biyo da tsumma mai laushi wanda ba ya zubar da gashi. Wayarka kuma ajiye ta nan."

Abin da Yanzu-yanzu ya so ya yi da danna maɓalli sau bakwai, ashe zama yake so. Baffa ya sa aka ɗan ɗumama ruwan, aka jiƙa tsumman aka ninke shi siriri, aka shimfiɗa a ƙarƙashin hanyar kan, aka turo kan a hankali ya zauna a kai.

"In goga?"

"Ka goga in goge ka. Bari ya jiƙa da kansa."

"Har yaushe?"

"Awa biyu."

"To bari in ɗan je..."

"Zauna."

Ya zauna. Awa biyu yana kallon firinta, Baffa na kallonsa da sabon ido. Aka ɗaga kan, tsumman ya sha baƙi da shuɗi. Aka bari ya bushe, aka sa injin ya wanke kansa sau ɗaya tak, Baffa na bayani cewa wanki a jere iska yake ja wa kan, ya ƙara toshe shi. Gwaji ya fito: baƙi ya dawo da huɗu. Aka sake sabon tsumma, aka sake awa biyu. Kafin rana ta yi sanyi baƙi ya cika, shuɗi ya dawo da uku. Matakala ɗaya ta shuɗi, ta biyar daga sama, ta ƙi. Aka yi zagaye na uku, ta ƙi.

"Wannan ta tafi," in ji Baffa. "Ta bushe da yawa."

Aka sake buga hoton Inna. Fuskar ta fito sumul, sai wani siririn layi a gefen mayafinta, wanda sai mai neman sa zai gani. Baffa ya gan shi nan take, ya kuma yi murnar ganinsa. Ya ɗauki waya ya kira Yaya Nas ya ce gobe ƙarfe nawa. Ta ce me ya canza masa ra'ayi, ya ce an yi masa gwajin ido a gida, kyauta, a hannun wani babban likita mai gyaran waya.

Yanzu-yanzu ya tattara takardun ƙarya zai kai shara.

"Ina za ka da su? Kawo. Ɗauki biro. Soke kwanan watan kowace, ka rubuta na gaskiya a ƙasa."

"Baffa, kai da ba ka ajiye takarda mai gyaran biro?"

"Yau na fara."

Ya soke sau goma sha ɗaya, ya rubuta Asabar ɗin nan sau goma sha ɗaya, Baffa ya jera su a saman fayil inda duk mai buɗewa da su zai fara cin karo.

Da safe mota ta zo. Baffa ya tsaya a bakin ƙofa da 'yar jakarsa, bai ce takarda ɗaya duk kwana biyu ba, bai ce maɓalli ba. Ya dai dubi ɗan ƙanensa ya ce, "In na dawo da ido biyu zan duba." Ya shiga mota.

Yanzu-yanzu ya koma ɗakin, ya yaye mayafin Inna ya ninke. Ba ranar gwaji ba ce, amma ya buga. Ya bi tsanin da bakin biro, baƙi har sama, sannan shuɗi. A ta biyar biron ya tsaya a kan farin wurin. Ya daɗe a nan kafin ya rubuta kwanan wata. Wayarsa na aljihu tana kukan caji. Ya danna maɓalli, ya tsaya yana jira har kan ya koma lungunsa ya zauna.